Kalmomin da Na Cinye a Gidan Hedimasta

A unguwarmu ta Toranke, in mutum yana so ya san halin wani kafin ya ba shi 'ya, ko ya ba shi kiwon tunkiya, ko su haɗa gona, ba wajen mai unguwa yake fara zuwa ba. Mai unguwa kowa nasa ne, kowa a bakinsa mutumin kirki ne. Ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Shekara arba'in da ɗoriya ina wannan aiki. Ban taɓa zama a aji ba balle a ce a takarda na koya. A wajen kakata na gani, ita ma a wajen tata kakar.

Aikin ƙa'idarsa ɗaya ce: ba a faɗin aibin mutum. In ka ce wane ɓarawo ne, girmanka ka zubar, kuma kafin la'asar maganar ta isa kunnen uwarsa. Abin da ake yi, a nemo alherin da mutum yake da shi da gaske, a faɗe shi, a ja baki a yi shiru. Mai hankali inda ka tsaya yake dubawa.

Wani dattijo ya taɓa tasowa daga Gafasa a kan keke, rana tsaka, yana tambayar halin wani saurayi da ke neman 'yarsa. Na ce, "Kai, akwai tsafta. Rigarsa kullum a goge."

Ya ce, "Sai kuma me, Iya?"

Na ce, "Takalminsa ma yana wankewa."

Ya shanye ruwan da aka kawo masa, ya yi godiya, ya hau kekensa. Ban ce yaron ko fartanya bai san ta inda ake riƙe ta ba. Uwar yaron da ta ji abin da na faɗa, har goro ta aiko mini.

Saboda haka ni kalmomin yabo ba na ɗibarsu da hannu biyu in watsa. Mai ladabi daban, mai kunya daban, mai mutunci daban, mai amana kuma can gefe guda yake. Na san mai ladabin da zai durƙusa maka har gwiwarsa ta yi kanta, ya miƙe da kazarka a hammata. Na san mai kunyar da ba ta iya haɗa ido da kai, amma ka juya baya, sirrinka ya riga ka isa bakin rijiya.

To, bara, bayan an cire gyaɗa, sai ga maƙwabciyata, wadda duk unguwa ke kira Uwar 'Yan Biyu. Katanga ɗaya ce tsakaninmu. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyar, tana matsar man gyaɗa da suyar ƙuli-ƙuli tana ciyar da su. Da injin matsar mai ya yawaita a Ajingi, cinikinta ya kwanta. Geron da ke rumbunta kowa ya san ba zai kai damina ba. Yayyen mijinta har sun zauna sun tsara: biyu a kai Kano, ɗaya Gafasa, 'yan biyun kuma a raba su tsakanin gida biyu. Ta ce musu sai dai in gawarta za su tsallaka. Amma magana ba ta cika tukunya, ita ma ta san haka.

Matar nan, Allah ya sani, bakinta barkono ne. A tsaye take gaisuwa kamar soja. In ta yi sallama kaji watsewa suke yi. A gidan suna ta taɓa ce wa mai gida tuwon bai dahu ba, alhali mutane suna tsakiyar ci suna sa albarka. Ɗana na fari ya zo daga Kano da mota, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Tumbinka ya fito, ɗakin uwarka yana yoyo." Ni ban aike ta ba. An dai gyara rufin a satin.

Ta shigo ina tsinke zogale, ta tsaya a kaina.

"Iya, takarda nake so."

Na ce, "Ina kwana dai tukuna."

"Mun gaisa ta kan katanga ɗazu, kin manta? Takarda nake so."

Ashe wata sabuwar makarantar kwana ta 'yan mata aka buɗe a bayan garin Gaya, ta kuɗi, suna neman mace mai riƙe makullin sito, ta riƙa auna wa masu girki shinkafa da wake da mai. Akwai albashi, akwai kuma ɗaki ciki da falo a cikin makarantar, inda za ta zauna da yaranta duka biyar. Shugabar makarantar 'yar kudu ce, Hausarta ba ta wuce ta cefane ba, ta ce kowace mai nema ta kawo takardar shaidar hali daga wani babba a unguwarsu, kuma da Turanci.

Na ce, "Me ya hana ki zuwa gun mai unguwa?"

Ta ce, "Shi ko akuya ce ta je zai ba ta shaida. Taki ake ji."

Kamar zagi ta faɗe shi, amma ya yi mini daɗi har cikin ƙashi. Kuma akwai abin da na sani game da ita. Lokacin da aka kai ni Kano aikin yanar ido na yi wata biyu, ita na bar wa makullin rumbuna. Na dawo na tarar ko zangarniya ɗaya ba ta motsa ba. Har geron da ɓera ya zubar ta share, ta sheƙe, ta ƙulle a tsumma, ta miƙo mini tana cewa, "Ki nemi kyanwa, ni ba baiwar ɓerayenki ba ce."

Ranar kasuwar Ajingi na hau babur na tafi gun ƙanin mijina. Tsohon hedimasta ne, ya yi ritaya tun tuni, amma har yau ba ya fita sai da biro uku a aljihun gaba. Duk wanda yake son takardar Turanci a yankinmu, shi yake nema. Na same shi a zaure a kan tabarma, yana gyara gilashi.

"A'a, matar Yaya! Kin gaji da zaman kaɗaici kin zo in rufa miki asiri?"

Na ce, "Da wane haƙorin za ka ci tuwona? Matsa in zauna."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce wannan ai ba aiki ba ne, yana da takarda da ya shekara talatin yana bayarwa, ko mai shagon kwamfuta ya haddace ta, suna kawai ake canzawa. Ya rufe ido ya fara rero ta da ka, yana kaɗa yatsa kamar mai ba da karatu. Na bar shi har ya kai wani wuri da na ji kalmomi suna bin juna kamar awaki a kan hanya.

Na ce, "Tsaya. Waɗannan da ka jero, mene ne su?"

"Halayenta ne na kirki."

"Guda nawa?"

Ya ƙirga a yatsa. "Bakwai."

"Ta farko me take nufi?"

"Mutumiyar kirki."

"Ta biyu fa?"

"Ita ma... mutumiyar kirki."

Na ce, "Hedimasta, Bature ba mahaukaci ba ne da zai zauna ya sassaƙa ludayi bakwai girmansu ɗaya. Yatsana za a dangwala a takardar nan. Sai na san nauyin kowace."

Ya tashi yana ƙunƙuni, ya ɗauko wani ƙamus da gara ta cinye masa bango, ya fara lasar yatsa yana buɗawa. Duk kalmar da ya nemo, sai ya tarar an fassara ta da 'yar'uwarta, ya koma gun 'yar'uwar ta maido shi inda ya fito. Muna cikin haka 'yarsa ta fito daga cikin gida da jariri a kafaɗa. Malamar Turanci ce a sakandare a Gaya, ta zo ganin gida. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ji abin da ake ciki, ta yi dariya ta zauna.

"Iya ta fi ka gaskiya, Baba. Ba ɗaya ba ne."

Ina da soyayyiyar gyaɗa ƙulle a bakin mayafina. Na kwance, na jera ƙwaya bakwai a kan tabarma. Na ce, "Malama, ɗauko su ɗaya-ɗaya. Wadda ta dace da Uwar 'Yan Biyu ta zauna. Wadda ba ta dace ba in cinye ta."

Ta ce, "Ta farko, folayit. Wannan ladabin baki ne. Sannu, don Allah, na gode, ba ya katse mutum in yana magana."

Ban ma bari ta rufe baki ba na jefa gyaɗar a baki.

"Sai tagwaye, risfekful da risfektabul. Sun yi kama amma ba halinsu ɗaya ba. Na farko shi ne mai ganin girman na gaba da shi. Na biyu shi ne wanda jama'a ke kallo su ce ba shi da abin kunya, gidansa, tufarsa, sana'arsa, duk daidai."

Na ce, "Wato ɗaya shi ke durƙusawa, ɗaya kuma ba ka jin nauyin a gan ka kusa da shi a taro."

"Haka ne, Iya."

"To cikinsa fa? In ɓarawo ne mai babbar riga?"

"Kalmar ba ta leƙa ciki. A ƙofar gida take tsayawa."

Gyaɗar mai durƙuson na cinye nan take. Ɗayar na ɗan juya ta a hannu, don matar nan ba a taɓa jin ta da abin assha ba. Sai na tuna ranar da ta shaƙe wani mai awo a tsakiyar kasuwar Ajingi har ɗankwalinta ya faɗi, maza uku suna janye ta. Na cinye.

Hedimasta ya ce, "Matar Yaya, shaida kika zo bayarwa ko karin kumallo?"

Malama ta ci gaba. "Furofa. Mai yin komai bisa tsari, yadda aka saba. Zamansa, cinsa, maganarsa, ba ya kauce layi. Wani lokaci ma da zolaya ake faɗa wa mutum, in ya cika sanƙarewa."

Uban ya ce, "Ƙarya ne! Babu zolaya a cikinta!"

"Baba, ai haka malamanka suke kiranka a bayan idonka."

Ya cire gilashi ya dube ta, ya mayar. Ni kuwa na cinye gyaɗar, don Uwar 'Yan Biyu tana tafiya take cin tuwo.

Ta biyar wai modes. Malama ta ce fuska biyu gare ta: kunya da suturta jiki, da kuma rashin yabon kai. Sutura kam tana da ita, ko gwiwar hannunta ban taɓa gani ba. Amma kullum sai ta ce daga nan har Wudil babu mai ƙulinta. Gaskiya ne, babu, amma ba ita ya kamata ta faɗa ba. Na ɓare gyaɗar biyu, na ci rabi, na ajiye rabi. Malama ta ce ba a rubuta rabin kalma. Na ce to, na bi da ɗaya rabin.

Ta shida ce ta ba mu wahala, disen. Malama tana jijjiga jariri ta ce wannan ana faɗa wa mutum, ana faɗa wa abinci, ana faɗa wa ɗaki. In an ce abinci disen ne, to za a ci a ƙoshi, amma ba za a ba da labarinsa ba.

Na ce, "Wato ba laifi. Na san ta. Ni in na ce wa mai bincike ba laifi, takalminsa yake nema ya kama hanya."

Ta ce, "A'a, Iya, in a kan mutum ne ta fi haka ɗumi. Mutumin da ba zai yi maka ƙeta ba, in ka faɗi ya ɗaga ka, ba kuma zai je ya yi shela ba."

Na ce, "Ɗagawa za ta ɗaga ka. Amma tana ɗagawa tana gaya maka wautar da ta kayar da kai."

Na rasa yadda zan yi da ita. Na tura ta bakin tabarma na ce ta jira, in gama da ta ƙarshe in dawo kanta. Ina juyowa wata kazar gidan ta miƙo wuya ta tsince ta, ta yi gaba. Na ce shi ke nan, an yanke mana hukunci.

Saura ƙwaya ɗaya.

Malama ta ce, "Ones. Ba ya ƙarya, ba ya taɓa abin da ba nasa ba, yana faɗin gaskiya ko da ɗaci."

"Da ladabi ko babu?"

"Ba ruwan kalmar da ladabi."

Na ce, "Wanda ya ƙago wannan ya taɓa zama da Uwar 'Yan Biyu. Hedimasta, rubuta ta. Ita kaɗai."

Ya dafe kai. Ya ce a shekara talatin bai taɓa ganin takardar shaida mai kalma ɗaya ba, wannan ai kashe mata kasuwa ne. Na dubi Malama ina jiran ta sake kayar da ubanta, sai na ga ta sunkuyar da kai.

"Iya, a nan kam Baba ya fi ki gaskiya. Masu ofis ma sun iya jin shiru. In suka ga takarda ta gajarce, abin da ba a rubuta ba suke karantawa."

Maganar ta soke ni. Wuƙar da na shekara arba'in ina wasawa ce aka juyo mini da ita. In na faɗi ɗaya na yi shiru, na yi wa matar nan abin da na yi wa mai wanke takalmi, yara biyar su watse. In na bari aka jera bakwai, na yi shaidar zur da yatsana. Na so in ce a ƙara ko guda biyu. Amma Hedimasta yana kallona yana murmushi, ni kuma ba a gabansa zan lanƙwasa ba. Na ce, "Na faɗa. Ɗaya."

Ya ce to. Malama ta shiga ciki shayar da jariri, shi kuma ya saka takalmi ya tafi shagon kwamfuta. Ya dawo da takarda baƙa ƙirin da rubutu tun daga sama har ƙasa.

Na ce, "Kalma ɗaya ce ta haihu haka?"

Ya ce, "Turanci gaisuwarsa tsawo gare ta. Ga kwanan wata, ga adireshi, ga sallama, ga bankwana. Kawo yatsa."

Na dangwala.

Abin ya tsaya mini a rai kwana uku. Ranar da za a gana da masu nema na ce da Uwar 'Yan Biyu tare za mu tafi, ko ba komai shugabar ta ga fuskar mai shaidar, ta san ba ƙaramar mace ba ce. Ta ce, "In ƙafarki ta kumbura ba ni zan goya ki ba." Muka hau mota zuwa Gaya.

Mun tarar da mata biyar a kan benci, kowace da takardarta a leda, hijabi har ƙasa, murya kamar ta marar lafiya. Shugabar ta fito za ta wuce, doguwa, mai gilashi, duk suka zube ƙasa suna gaisuwa. Tawa kuwa tana can tsaye a ƙofar sito da aka bari a buɗe, ta zura kai ciki.

"Wane marar hankali ne ya jibge buhunan wake a kan siminti ba katako? Wata ɗaya ƙwari za su gama da shi! Kai, ga man girki jingine da jarkar kananzir! Yaran mutane za a kashe?"

Shugabar ta tsaya. Ta kira wata malama Bahaushiya ta tambaye ta me matar nan take cewa. Malamar ta fassara, ina jin ta rage, amma ko ragowar ta isa. Daga baya na ji ashe shugabar ce da kanta ta tsaya aka jera kayan. Na ce a raina, shi ke nan, mun yi asarar kuɗin mota.

Mu aka fara kira. Shugabar ta karɓi takarda, ta dubi Uwar 'Yan Biyu ta saman gilashi, ta fara karantawa da ƙarfi, a hankali, tana ɗaga gira. Ni Turanci ba na ji, ruwa ne kawai yake wucewa ta kunnena. Sai na ji wani abu ya taso daga cikin ruwan nan, na san fuskarsa. Folayit. Na gyara zama. Risfekful. Modes.

Na buga sandata a ƙasa. "Tsaya! Wannan ai na cinye ta! Duka ukun na cinye su!"

Malamar da ke fassara ta dube ni kamar a kira mini mai magani. Na kwashe labarin gyaɗa na gaya mata, har da kazar. Tana fassarawa tana danne dariya. Shugabar ta jawo aljihun tebur ta fito da wasu takardu uku ta shimfiɗa su kusa da tamu. Ko ni da ban san baƙi ba na ga tsayinsu ɗaya, layukansu ɗaya, kamar 'ya'yan uwa ɗaya. Ta ce, ta bakin malamar, kowa ya zo nan mala'ika ne a takarda. Wadda ta riƙe siton kafin nan ma irin wannan ta kawo, kuma a hannunta man girki ya koyi tafiya da ƙafarsa. Sannan ta nuna tambarin yatsana ta ce, "Mama, wannan naki ne?"

Na ce nawa ne.

"To wanne zan yarda da shi, yatsan ko bakin?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kalmata ɗaya da na taho da ita tana nan, amma yanzu ba ta da nauyin ƙwayar gero, tunda yatsana ya riga ya yi ƙarya a gaban matar. In na ce tana da amana na yi shiru, me ya raba ni da sauran? Na dubi Uwar 'Yan Biyu. Karo na farko tun da na san ta, bakinta a rufe, hannunta yana murza bakin hijabi.

Na ce da malamar, "Fassara, kuma kar ki rage ko ɗaya. Matar nan ba ta da ladabi. Ba ta iya gaisuwa ba. Za ta yi faɗa da masu girkinki kafin sati, za ta yi da mai kawo itace, ke ma ba za ta bar ki ba, kin dai ji samfur ɗazu."

Kakata da tana raye da ta rufe ni da duka. Aibin mutum, a gaban idonsa, a gaban baƙuwa.

Sai na faɗi abin da ban gaya muku ba tun farko, don ban so. Shekara goma sha biyu da suka wuce ina sayar da gero a gida. Kwanon awona jaki ya taka shi, gindinsa ya lotsa ciki. Na gani. Na ce kasuwa mai zuwa zan sake wani, kasuwa mai zuwa ta zama shekara biyu. Ran nan tsakar gidana cike da mata, Uwar 'Yan Biyu, lokacin tana goye da ɗaya tana rungume da ɗaya, ta ɗauki kwanon ta kifa shi ta ce, "Iya, kwanon nan yana cin tafi guda." Na ce ba ta da tarbiyya. Unguwa duk ta bi bayana, don wa zai ce mai ba da shaida tana tauye awo? Aka tilasta ta ta zo ba ni haƙuri. Ta zo, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Ki yi haƙuri, amma kwanon a lotse yake." Na shekara ba na amsa sallamarta.

Na ce, "Gaya wa shugaba gaskiyar yarinyar nan ce. A lotse yake, kuma na sani. Mata sun fi ashirin suna awo a gidana, da yawansu sun lura, duk masu ladabi ne, ba wadda ta tanka. In masu gaisuwa kike nema, ga su can biyar a benci. In kina so wakenki ya kai ƙarshen zango, ba ta makulli."

Shugabar ta cire gilashi ta goge. Ta ɗauki farar takarda ta yi rubutu da hannunta, layi huɗu kacal, ta sa malamar ta karanta mini da Hausa kalma-kalma. Akwai ones a ciki, da wata da ba ta cikin bakwai ɗin Hedimasta, wai mai faɗin magana ba kwana-kwana. Na yarda da su, na sake dangwalawa. Ta yayyaga ta farkon. Sannan ta ciro makullai daga jakarta ta ajiye a kan tebur, ta ce gwajin wata uku, ɗaki kuma a share shi gobe ta kawo yaranta. Sharaɗi ɗaya: ranar ziyara ta riƙa gaida iyayen yara.

Uwar 'Yan Biyu ta ce, "In sun gaishe ni zan amsa."

Na ce da malamar, "Wannan kam bar shi a Hausa."

Hedimasta na je masa bayan sati. Ya ce don marayu ya yi, kuma ko gobe aka sake zai sake. Na zage shi iya son raina, ya sa aka dama mini fura. Yanzu in ya hango ni a taro sai ya ɗaga murya ya ce a ɓoye gyaɗa.

Amma a ranar, da muka fito, ni da Uwar 'Yan Biyu, sai muka nufi tashar Gaya. Ta ɗaure makullan a bakin zaninta, ƙulli uku, tana taɓa su lokaci-lokaci. Muka shiga mota, aka cika, aka tashi. Mun wuce gonakin bayan gari sai na ji ta yi gyaran murya.

"Iya."

Na ce, "Na'am." Na gyara mayafi, na ɗan juyo da kunne, don godiyar irin wannan mata ba kullum ake samunta ba, ban so ko harafi ya wuce ni.

"Kin ce wa matar nan tafi guda kwanon yake ci."

"Ai haka kika faɗa a lokacin."

"Kara na yi miki saboda idon mutane. Biyu ne."

Na mayar da fuskata taga, ban sake juyowa ba har Ajingi. Da motar ta tsaya ƙafar tawa ta kumbura, na kasa taka matakala. Ta riga ni sauka, ta juya mini baya, ta durƙusa.

"Hau mana, Iya, kina tsare wa mutane hanya."